Yadda ake warware dogayen sunayen harshen Norwe: mahaɗa, gaɓa da nauyin murya

Duk wanda ya fara koyon harshen Norwe, ko karatu ne ya kai shi Oslo, ko aiki a Bergen, ko aure, abin da ke fara karya masa gwiwa shi ne tsawon kalmomi. Takardar farko da yake nema sunanta oppholdstillatelse, wato izinin zama, haruffa 18 a jere babu sarari. Hukumar da ke ba da ita kuwa Utlendingsdirektoratet ake kiranta. Alhali ƙananan kalmomi ne aka harhaɗa, yawancinsu irin waɗanda ake koya tun a darussan farko. Mutanen Norwe, kamar Jamusawa da mutanen Suwidin, idan sunaye biyu ko uku suka haɗu suka ba da ma'ana guda, a manne suke rubuta su. Ka'idar aikin ita ce: ma'ana daga ƙarshen kalma ake ɗauko ta, nauyin murya kuma a farkonta yake sauka.

Misalan da ke nan na Bokmål ne, wanda ya fi yaɗuwa cikin tsarin rubutu biyu na ƙasar (ɗayan shi ne Nynorsk), furucin kuma na yankin Oslo ne.

Mataki na 1: Fara da kalmar ƙarshe

A Hausa, abin da ake magana a kai shi ke zuwa da fari, bayaninsa ya biyo baya: gidan sauro, jirgin sama, motar haya. A harshen Norwe a juye abin yake. Brannbil ya ƙunshi brann, gobara, da bil, mota: motar kashe gobara. Tannlege ya ƙunshi tann, haƙori, da lege, likita. Saboda haka idan ka gamu da doguwar kalma, rufe farkonta da yatsa, ka gane ta ƙarshen tukuna, sannan ka riƙa komowa baya kana fassarawa. Da ka yi haka sai jerin ya faɗo daidai da na Hausa: jernbanestasjon ya zama stasjon, bane, jern, tashar hanyar ƙarfe, wato tashar jirgin ƙasa.

Juya jerin yana juya ma'anar. Melkesjokolade cakulan ne mai madara, ana tauna shi. Sjokolademelk madara ce mai cakulan, ana shan ta.

Kalmar ƙarshen ita ce kuma ke riƙe da nahawun duka. Sunaye a harshen suna da jinsi uku, ana gane su da en, ei da et. Barn, yaro, et yake ɗauka. Hage, lambu, en yake ɗauka. To barnehage, makarantar rainon yara, sai ya zama en barnehage. Opphold na et ne, tillatelse na en, don haka en oppholdstillatelse. Skatt, haraji, na en ne, amma kort, kati, na et, sai a ce et skattekort. Jam'i ma da alamar tabbatarwa duk a ƙarshe suke maƙalewa: brannbil, brannbilen, brannbiler, brannbilene. Brann ɗin ba ya motsi ko kaɗan. Wannan sauƙi ne babba, domin wanda ya san jinsin hus, gida, ya riga ya san na sykehus, asibiti, da na rådhus, zauren majalisar gari, ba sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya ba.

Kada wannan ya sa ka raina kalmar farko. A kanti, kjøtt nama ne, amma na farkon ne ke gaya maka naman mene ne: lammekjøtt na ɗan rago, storfekjøtt na shanu, svinekjøtt na alade. Svinefett kitsen alade ne. Musulmin da ke karanta jerin abin da aka haɗa abinci da shi a bayan kwali ya kamata idonsa ya saba da svin tun ranar farko, domin sau da yawa a manne take da wata kalma, ba ta tsaya ita kaɗai ba.

Kalmar farko ba lallai ta zama suna ba. Tana iya zama aikatau, kamar skrivebord, teburin rubutu, da vaskemaskin, injin wanki. Tana iya zama sifa, kamar gulrot, karas, daga gul, rawaya, da rot, saiwa. Tana iya zama 'yar ƙaramar kalmar nuna wuri: inngang, mashiga, utgang, mafita.

Mataki na 2: Nemo mahaɗa

A nan ne aikin yake. Mahauci gwani ba ya sarar tsakiyar ƙashi, gaɓa yake lalubowa ya sa wuƙa. Haka za ka yi da kalma. Mahaɗa iri uku ce. Wani lokaci babu komai a tsakani, kamar flyplass, filin jirgin sama, daga fly da plass. Wani lokaci akwai s, wani lokaci akwai e. Masu harshen suna kiran waɗannan haruffa fuge-s da fuge-e.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. N ɗin da ke cikin gidan sauro da r ɗin motar haya aikinsu ke nan, ɗaure kalma biyu. S ɗin Norwe ma daga tsohuwar alamar mallaka ta fito, ita ce dai ake ji a Olas bil, motar Ola. Bambancin shi ne a Hausa jinsi ke zaɓa maka n ko r, a Norwe kuwa babu ka'ida guda da ta rufe komai. Akwai dai alamun da ba sa cika ba da kunya.

Kalmomin da suka ƙare da -sjon, -het, -tet, -skap, -dom, da mafi yawan masu -ing, s suke ɗauka: informasjonsmøte, taron ba da bayani; sikkerhetsbelte, bel ɗin mota; ungdomsskole, ƙaramar sakandare; parkeringsplass, wurin ajiye mota. Dubi Oslo universitetssykehus, asibitin koyarwa na Oslo. S biyu ne a tsakiya, kuma kowace da aikinta: ta farko mahaɗi ce, ta biyu farkon sykehus ce. Wanda ya jefar da ɗaya ya yi kuskuren rubutu.

Sai wata alama da nake ganin ta fi sauran amfani: idan kalmar farko ita ma harɗaɗɗiya ce, sau da yawa s kan bayyana ko da ba ta bayyana a gajeren siffar ba. Bord da lampe sun ba da bordlampe, fitilar tebur, babu s. Amma skrivebord da lampe sun ba da skrivebordslampe. S ɗin nan tana nuna maka inda babban yanki yake, wato skrivebord a gefe guda, lampe a gefe guda.

E kuwa ta fi zuwa bayan gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya, musamman sunayen mutane da dabbobi: barnehage, hestesko, takalmin doki, hundehus, ɗakin kare, fiskesuppe, miyar kifi. Sai dai ba kowace e ce mahaɗi ba. A skolebok, littafin makaranta, e ɗin ta skole ce tun asali.

Idan kalma ta kai yanki uku, tambayi kanka waɗanne biyu ne suka fara haɗuwa. A jernbanestasjon, jern da bane ne. A nødutgang, ƙofar fita idan an shiga haɗari, ut da gang ne suka fara, nød ya zo daga baya.

Mataki na 3: Kula da haruffan da ke yaudara a mahaɗa

Ɗalibi kan koyi cewa skj sautin sh ne, ng kuma sauti ɗaya ne na hanci. Gaskiya ne a cikin kalma guda. Amma mahaɗa takan jera haruffan da ba 'yan gida ɗaya ba. Arbeidskjøretøy, motar aiki, yana da skj a tsakiya, amma arbeids ne da kjøretøy. S ta gefen hagu ce, kj na gefen dama, kowanne da furucinsa. Engangskopp, kofin da ake sha sau ɗaya a yar, en ne da gang, ba eng ba, wanda ke nufin fili mai ciyawa. Bildekk da bilderamme haruffa biyar na farkonsu ɗaya ne, amma na farko bil ne da dekk, tayar mota, na biyu kuma bilde ne da ramme, firam ɗin hoto. Gwajin mai sauƙi ne: inda ka yanka, duka ɓangarorin biyu su zama kalmomi masu ma'ana.

Akwai kuma harafin da ke ɓacewa. Ba a jera baƙi iri ɗaya har uku a rubutun Norwe. Buss da stopp sun zama busstopp, natt da tog sun zama nattog, jirgin ƙasa na dare, fotball da lag sun zama fotballag, ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Idan ka yanka kalma ka ga ɓangare ɗaya kamar an gutsure shi, gwada mayar masa da baƙin da ke mahaɗar.

Mataki na 4: Raba kowane yanki gaɓa-gaɓa

Sai ka gama da mahaɗa sannan ka shiga rabon gaɓa, kuma kowane yanki ka raba shi shi kaɗai. Wasulan harshen tara ne: a, e, i, o, u, y, æ, ø, å. Ƙirga wasula, ka sami yawan gaɓoɓi, sai dai tagwayen wasali irin su ei, au da øy ɗaya ake lissafa su. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu gaba yake bi: sy-ke-hus, ha-ge. Baƙi biyu kuwa a kan raba su: bar-ne, kvin-ne.

Ga doguwa guda: menneskerettighetsorganisasjon, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, haruffa 30. Yankunanta menneske, rettighet, s, organisasjon. Gaɓoɓinta 11: men-nes-ke-ret-tig-hets-or-ga-ni-sa-sjon. Lura da inda s ɗin mahaɗa ta zauna: a wutsiyar hets. Kullum baya take bi, ba ta taɓa fara sabuwar gaɓa.

Wahalar Bahaushe a nan sananniya ce. Gaɓar Hausa ba ta fara da baƙi biyu, shi ya sa harshenmu kan cusa wasali a kalmomin aro, muka sami burodi da fursuna. A arbeidsplass, wurin aiki, baƙaƙe huɗu ne a jere, kuma baki zai so ya sa i ko u a tsakaninsu. Kada ka bar shi. Faɗi arbeids, ka tsaya, ka faɗi plass. Maimaita kana rage tsayawar har ta ɓace. Baƙaƙen huɗu sun zama biyu a nan, biyu a can. Flyplass kuma wurin gwaji ne mai kyau ga f da p, waɗanda yawancinmu muke gaurayawa: a fly haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a plass leɓɓa biyu su rufe ruf.

Inda muke da riba shi ne tsawon sauti. Kunnen da ya saba bambance dogon wasali da gajere, da baƙi mai nauyi irin na hannu da sallama, ba zai sha wuya da tak, rufin ɗaki, mai dogon a, da takk, godiya, mai gajeren a ba. A harɗaɗɗen suna kowane yanki yakan riƙe tsawonsa: a hustak, rufin gida, u da a duka dogaye ne. S ɗin mahaɗa kuwa takan gajarta wasalin wasu kalmomi, ta kuma busar da baƙin da ke gabanta. Dag yana da dogon a, amma dagslys, hasken rana, kamar daks ake fara shi.

A yankin Oslo kuma, idan r ta haɗu da t, d, n, l ko s, sukan narke su zama sauti ɗaya da ake yi da harshe a lanƙwashe, har a kan mahaɗa. Rs ɗin vårsol, hasken ranar bazara, sh ake jin ta. A Bergen da Stavanger, inda ake yin r a maƙogwaro, wannan narkewar ba ta faruwa.

Mataki na 5: Ɗora nauyin murya

Hausa da karin sauti take aiki, ba da danna gaɓa ba, don haka wannan sai an koye shi da gangan. A kowace kalmar Norwe akwai gaɓa guda da ta fi sauran ƙarfi da tsawo. A harɗaɗɗen suna babban nauyin yana kan yanki na farko, yanki na ƙarshe kuma ya sami ƙaramin nauyi: SYkehus, BARnehage, TANNlege, FLYplass.

An ce yanki na farko, ba a ce gaɓar farko ba. Nauyin yana sauka ne a inda kalmar farkon take ɗauke da shi idan tana ita kaɗai. Kalmomin da aka aro daga Faransanci da Latin sukan ɗauke shi a ƙarshe: poliTI, 'yan sanda, staSJON, universiTET. Don haka poliTIbil, informaSJONSmøte, universiTETSsykehus. A wancan dogon misalin kuwa, MENneske ne ke da babban nauyi, sjon na can ƙarshe ya sami ƙarami, sauran gaɓoɓin tara su wuce da sauri. Ɗalibai da yawa sukan ba kowace gaɓa ƙarfi daidai wa daida, kuma wannan ne ya fi sa mai sauraro ya ce a maimaita, fiye da kuskuren wasali.

Nauyin murya shi ne kuma ke raba harɗaɗɗen suna da sifa mai bin suna. En stor by gari ne mai girma, kowace kalma da nata nauyin. En STORby birni ne, nauyi guda. Brun ost duk wani cuku ne mai launin ƙasa-ƙasa. BRUNost kuwa shi ne sanannen cukun nan nasu mai ɗan zaƙi. Nahawu ma yana nuna bambancin: den store byen, amma storbyen, inda stor ba ta sauya siffa ba.

'Yan kalmomi kaɗan sun saɓa, sai a haddace su: skoMAker, mai gyaran takalmi, langFREdag, Juma'ar da ke gaban Ista, da sunan garin KristianSAND.

Mataki na 6: Saurari karin sauti

Wannan ne matakin da Turawan Ingila da Faransa kan sha wuya, mu kuwa muna da kunnensa tun daga gida. Wanda ya san kuka na bishiya daban da kuka na hawaye ba ya buƙatar dogon bayani. Harshen Norwe yana da kari biyu da ke hawa kan gaɓa mai nauyi, tonem 1 da tonem 2. Bønder, manoma, da bønner, wake, sautinsu ɗaya ne domin ba a furta d ɗin. Kari ne kawai ya raba su. A Oslo, idan aka faɗi kalmar ita kaɗai, tonem 1 yana farawa ƙasa ya hau, kusa da yadda muke cewa kaza. Tonem 2 yana farawa sama, ya faɗo, ya sake hawa, kusa da yadda muke cewa yara. Bønder na farko ne, bønner na biyu.

A harɗaɗɗen suna yanki na farko ne ke zaɓar kari, karin kuma ya miƙe a kan kalmar duka, hawan ƙarshe ya jira sai gaɓar ƙarshe. Idan yankin farko yana da gaɓa biyu ko fiye, da nasa karin yake shigowa: skole na tonem 2 ne, haka skolebok. Idan nauyinsa a gaɓar ƙarshe yake, kamar politi, tonem 1 ne. Mai gaɓa ɗaya da e ta biyo shi tonem 2 yake bayarwa, kamar barnehage. Mai gaɓa ɗaya da s ta biyo shi kuwa tonem 1: landsmann, ɗan ƙasarku, da dagslys. Landmann, tsohuwar kalma ta manomi, wadda ba ta da s, tonem 2 ce. Masu gaɓa ɗaya da ba su da mahaɗi galibi tonem 2 ne, amma akwai masu saɓawa da dama.

Shawarata ita ce ka zaɓi karin garin da kake zaune ka bi shi. A yamma da arewacin ƙasar hawa da saukar sun bambanta da na Oslo, kuma mutanen Norwe sun saba jin kare-karen juna. Kuskuren kari ba ya cika hana fahimta. Kuskuren nauyin murya shi ne ke hanawa. Don haka kada ka tsallake mataki na 5 ka zo nan.

Mataki na 7: Rubutawa

Idan kunnenka ya ji nauyi guda, rubuta kalma guda. Raba harɗaɗɗen suna da sarari kuskure ne da su kansu 'yan ƙasar ke yi, suna kiransa særskriving, har akwai ƙungiya mai suna Astronomer mot orddeling da ke tattara hotunan irinsa daga alluna da kantuna. Dalilin damuwar shi ne ma'ana na sauyawa. Røykfritt na nufin ba a shan taba a nan; røyk fritt na nufin sha taba yadda ka ga dama. Lammelår cinyar ɗan rago ce. Lamme lår cinyoyi ne shanyayyu. Ananasringer abarba ce da aka yanka zobe-zobe. Ananas ringer na nufin abarba tana kira a waya.

Karan ɗori yana shigowa ne idan akwai gajarce ko lamba: EU-land, TV-program, 50-årsdag. Yana kuma tsaya wa yankin da aka ƙi maimaitawa: barne- og ungdomsskole, inn- og utgang. Mahaɗin yana nan a jikin kalmar farko kafin karan.

Idan layi ya ƙare a tsakiyar kalma, mahaɗa ce wurin yanka mafi kyau: arbeids-dag, barne-hage, vaske-maskin. Baƙin nan na uku da ya ɓace yana dawowa: buss-stopp, natt-tog, fotball-lag. Idan dole ne ka yanka a cikin yanki, tura baƙi ɗaya zuwa sabon layi, kamar vas-ke, amma kada ka raba haruffan da ke wakiltar sauti ɗaya: ma-skin, sta-sjon. Ng kuwa a layin sama take zama: peng-er.

Mataki na 8: Gina taka

A ce kana son ka rubuta wurin ajiye keke. Abin da kake magana a kai wuri ne, plass, shi zai zo ƙarshe. Ajiye abin hawa parkering ne, ya ƙare da -ing, to s: parkeringsplass. Keke sykkel ne, ba ya ɗaukar mahaɗi, kamar yadda ake gani a sykkelvei, hanyar keke. Ka sami sykkelparkeringsplass. Jinsinsa na plass ne, en, jam'insa sykkelparkeringsplasser, nauyi a kan SYK, karin na sykkel ne, tonem 1.

Irin wannan kalma ba lallai ka same ta a ƙamus ba, domin kowa na ƙera sababbi kullum, kuma daidai ne. Abin da za ka duba shi ne halin kalmar farko. Buɗe Bokmålsordboka, wanda Jami'ar Bergen da hukumar harshe Språkrådet ke kula da shi kyauta a intanet, ka rubuta kalmar farkon, ka ga yadda take haɗuwa da wasu. Idan furuci da kari kake nema, ƙamus ɗin NAOB (Det Norske Akademis ordbok) yana nuna su. Yawancin kalmomi hali ɗaya suke riƙewa: arbeid kusan kullum arbeids- ne, skatt kuma skatte-. Wasu suna da fuska biyu, kamar land, da ke ba da landbruk, noma, ba s, da landsby, ƙauye, da s. Masu irin wannan hali sai ka rubuta su bibbiyu a littafinka, kowace da mahaɗinta.